Yadda na yi wa yaran shagona inshora a Suame Magazine

Shagon walda gare ni a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma galibin masu aiki da ni daga Aboabo da Asawase suke zuwa. Sana'armu wuta ce da ƙarfe. Tartsatsi ya faɗa ido, injin yanka ya taɓa yatsa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da, in yaro ya ji ciwo, karo-karo muke yi a kai shi asibiti, sauran kuma a ce Allah ya kiyaye gaba.

Da na je neman inshora, abin da aka fara nuna mini shi ne dokar diyyar ma'aikata ta 1987, mai lamba PNDCL 187. Ita ta ɗora wa mai gida biyan diyya idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko yana da inshora ko ba shi da ita. Wato nauyin yana wuyana tun asali, kamfanin inshora kawai zai ɗauke mini shi ne. Katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, magani yake sauƙaƙawa, ba ya ciyar da iyalin wanda ya kwanta wata biyu.

Inda na fi daɗewa ina tambaya shi ne hanya. Yarana a trotro (ƙananan bas na haya) da pragya (keke mai ƙafa uku) suke zuwa, wasu a kan babur, kuma duk wanda ya san cunkoson shataletalen Suame da safe ya san abin da nake tsoro. Na tambayi wakilin kamfanin inshorar kai tsaye: "Mallam, in mota ta buge yaro tsakanin gida da shago, wa zai biya?" Ya ce takardar inshorar farko, ta diyyar ma'aikata, raunin aiki kawai ta rufe. Sai na ƙara ta biyu, ta haɗari ga ma'aikata a ƙungiyance, mai aiki dare da rana.

Na kuma dage a rubuta sunayen 'yan koyo. Su ne hannunsu bai faɗa ba, su ne suka fi ƙonewa, amma su aka fi mantawa.

Da wani ya karye a hanya, rahoton 'yan sanda da takardar likita da rasit ɗin magani aka nema kafin a biya. Yanzu akwai littafi a shagon da muke rubuta kowane rauni a ranar da ya faru, kuma duk sabon yaro sai sunansa ya isa kamfanin kafin ya riƙe injin.