Abin da ƙidayar baftisma ba ta faɗa ba

Darasin farko da nazarin takardun 'yan mishan ɗin Sifaniya a Meziko ke koya wa mutum shi ne ya yi hattara da lissafi. Birnin Tenochtitlan, hedkwatar daular Aztek, ya faɗi a hannun Sifaniyawa a 1521. A 1524 fada (limaman Katolika) goma sha biyu 'yan ɗariƙar Faransiskan suka sauka ƙarƙashin Martín de Valencia, 'yan Dominikan suka biyo a 1526, 'yan Agustin a 1533. Ɗaya daga cikin sha biyun, wanda aka fi sani da Motolinía, ya rubuta cewa an yi wa sama da mutum miliyan tara baftisma, har ya ce shi da wani fada sun yi wa fiye da dubu 14 cikin kwana biyar.

Yaya aka yi haka? Cikakkiyar baftisma a lokacin tana buƙatar ruwa, gishiri, yawun fada, man shafewa, kyandir da farin ƙyalle ga kowane mutum. Sai Faransiskan suka taƙaita: a jera jama'a sahu-sahu, a yi wa 'yan kaɗan cikakken tsarin a madadin saura, sannan a zuba wa kowa ruwa. Sauran ɗariƙun suka ce ba su yarda ba, rigima ta kai Rum, sai da Paparoma Paul na Uku ya tsoma baki a 1537. Adadin nan na Motolinía kawunan da ruwa ya taɓa yake ƙirgawa, bai san abin da ke cikin kawunan ba.

Inda aikin ya fi cijewa shi ne harshe, kuma nan ne darasin da ya fi nauyi. Fadan sun koyi Nahuatl, harshen mutanen Nahua na tsakiyar Meziko, da gaske. Alonso de Molina ya buga ƙamus a 1555, ya faɗaɗa shi a 1571. Amma kowace kalmar addini tana jefa mai fassara tsakanin hanya biyu: ya aro ta Sifaniyanci wadda ba wanda ya san ma'anarta, ko ya ɗauki ta gida wadda ke tafe da tsohon kayanta. Bahaushe ya san wannan, domin zunubi daga Larabci muka aro shi, Ubangiji kuwa namu ne na gida.

Su a wajen sunan Allah suka aro Dios na Sifaniyanci. Ga zunubi suka ɗauki tlatlacolli, alhali asalinta abin da ya lalace ko ya ɓaci, ko da gangan ko bisa kuskure. Mutum zai zo furta zunubi yana ganin gyaran ɓarna ya zo yi, fada kuwa nadamar zuciya yake jira. Wutar lahira suka kira ta Mictlan. To, a wajen Nahua can ne yawancin matattu ke zuwa, nagari da mugu, domin irin mutuwar da mutum ya yi ce ke yanke masa makoma, ba halinsa ba. Ka tsorata mutum da inda ya riga ya san kakanninsa suna can? Shaiɗan kuma ya zama tlacatecolotl, wato mutum-mujiya, wani maye mai rikiɗa. Abin tsoro ne, amma ɗan'adam ne, ana iya kauce masa.

Auren mace fiye da ɗaya ma ya ba su wuya. Hukuncin Paparoma na 1537 ya ce a riƙe matar fari, in an manta wace ce a zaɓi ɗaya. Ana iya hasashen yawan manyan da mantuwa ta kama.

Ƙarfi bai warware komai ba. A 1539 aka ƙone Don Carlos, basaraken Texcoco, bayan shari'ar da Bishop Zumárraga ya jagoranta. Hukumomin Sifaniya suka tsawata wa Zumárraga, kuma da aka kafa kotun binciken aƙida a Meziko a 1571 sai aka cire 'yan ƙasa daga hurumin ta. A Maní ta Yucatán, a 1562, fada Diego de Landa ya azabtar da mutane ya ƙone littattafan ƙabilar Maya, abin da ya sa aka kira shi gida ya kare kansa.

Babban kuskuren a ganina shi ne na Tlatelolco, wata unguwa a birnin Meziko. A can aka buɗe kwalejin Santa Cruz a 1536, ana koya wa 'ya'yan sarakuna Latin, suka ƙware. Sai taron bishop-bishop na 1555 ya hana naɗa ɗan ƙasa fada. Waɗanda suka fi kowa sanin nauyin kalmomin nan aka hana su hawa mumbari. Su ne suka zauna da fada Bernardino de Sahagún suna tambayar dattawa, suka haɗa kundi goma sha biyu kan tsohon addini da al'ada. Sahagún ya ce likita ba ya magani sai ya san cuta. Shi ne kuma ya yi ƙorafin cewa masu tururuwa zuwa wurin ibada na tudun Tepeyac suna kiran Maryamu da Tonantzin, sunan da tun dā ake kiran uwar alloli da shi a wannan tudu. A 1577 Sarki Filib na Biyu ya ba da umarnin a ƙwace rubuce-rubucensa a aika Sifaniya.