Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Neman Abokan Jirgin Tebur a Garin da Babu Dogo

Assalamu alaikum. Satin da ya wuce mun tsaya a kan yadda ake shimfiɗa dogo na farko a kan katako. Yau labarin kaina zai ɗan huta, don akwai abin da ya fi shi amfani ga wanda ya kamu da son ƙaramin jirgin ƙasa, wanda muke kira jirgin tebur: a ina zai samu abokan yi a nan Damagaram?

Mu fara da gaskiya. Garinmu bai taɓa ganin dogo ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930, gyaɗarmu da fatunmu suka yi ta gangarawa kudu su hau shi, amma ƙarfen bai ƙetaro ba. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai zama hanyar fasinja ba, wanda kuma aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano, Maraɗi ya nufa. Saboda haka wanda ya zagaya Birni da Zango da Sabon Gari yana neman ƙofa mai allo an rubuta "ƙungiyar masu jirgin tebur", takalminsa kawai zai cinye. Irin wannan sai Turai da Amurka, inda Amurkawa suka kafa tasu babbar ƙungiya, NMRA, tun 1935.

Abin da muke da shi ya bambanta. Sana'ar tana nan garin, sai dai a warwatse take, kowa da guntunsa a hannu, kuma mafi yawansu ba su san jirgi suke riƙe da shi ba.

Mutum na farko da za ka nema mai gyaran rediyo ne ko mai gyaran salula. Shi ke da mita, shi ya iya liƙa waya da dalma ba tare da ya narka robar da ke gefenta ba, kuma kusan duk matsalar jirgin tebur matsalar wuta ce. Na biyu mai gyaran agogo ko keken ɗinki, saboda haƙoran ingin da ke cikin kan jirgi ba su fi na agogon bango girma ba. Na uku kafinta, amma mai kusurwa da ma'auni, ba mai aunawa da ido ba. Sai yaran unguwa masu ƙera motar langa-langa da ta waya. Kada a raina su. Yaron da ya iya lanƙwasa gwangwanin madara ya fitar da tirela mai ƙafa goma sha takwas, tarago ba zai gagare shi ba. Ma'auni kawai za a koya masa. Akwai kuma malaman lise masu koyar da fasaha da ɗaliban Jami'ar André Salifou, da dattawan da suka yi fatauci ta Kano suka hau jirgin Legas da ƙafarsu. Waɗannan na ƙarshe su ne za su gaya maka ta wane gefe fasinja ke hawa da yadda ake loda buhuna.

Hanyar kama su ba dogon bayani ba ce. In ka ce wa magidanci "Malam, zo mu yi wasan jirgi", dariya zai yi, yana da gaskiya. Ka je da kan jirgi a aljihu, da guntun dogo kamar taƙi biyu, da batir ƙarami mai volt 9. Bayan gaisuwa ka ajiye dogon a kan teburinsa, ka ɗora jirgin, ka taɓa kawunan batirin biyu a jikin ƙarafan. Jirgi ya motsa. Ka juya batirin, ya dawo da baya. In ya ɗauka ya kifa shi yana leƙen cikinsa, ya ce "Alhaji, wannan ta ina wutar take shiga?", to ka samu mutum. In ya ce "ikon Allah" ya koma kan aikinsa, ka yi masa sallama da mutunci. Ranar Alhamis da Kasuwar Dole ke ci, rumfunan masu gyara uku ko huɗu sun ishe ka wuni guda. A Facebook ma ana iya rubuta modélisme ferroviaire a ga masu yi a Faransa, a koyi dabaru a wurinsu, amma mutumin Faris ba zai riƙe maka katako kana ƙusa ba.

Wurin zama ba sai an ƙirƙiro ba, tunda muna da fada. Mutum huɗu, tabarma, butar shayi, lokaci tsayayye bayan la'asar sau ɗaya a sati, ƙungiya ta kafu. Kada a yi gaggawar shugaba da hatimi da takardu. A dai sanar da mai unguwa, domin taron maza da wayoyi da batura a zaure yana jawo tambaya.

Inda nake son mu daɗe shi ne zaman farko, don a nan ake ɓata komai. Kafin kowa ya sayi ko da tarago ɗaya, a yanke ma'auni guda. Ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske, tazarar ƙarafansa milimita 16.5 ce. Ma'aunin N kashi 1 cikin 160 ne, a kan milimita 9. Na Ingila da ake kira OO yana hawa dogo ɗaya da HO, amma jikinsa kashi 1 cikin 76 ne, in ka jera su sai ka ga kamar raƙumi a garken jakuna. Ni HO nake bai wa mutanen garinmu shawara, kuma dalilina ƙura ce. Kan jirgin N ba shi da nauyin da zai danne ƙurar hunturu, kwana biyu ya fara sarƙewa. Ga shi kayan hannu da ke fitowa daga Turai, irin na kamfanonin Jouef na Faransa da Lima na Italiya, yawancinsu HO ne.

Ko a cikin HO ɗin akwai rami. Märklin na Jamus ma HO ne, amma wutarsa mai kai-da-komo ce, yana ɗaukarta ta wasu ƙusoshi a tsakiyar dogo. Ana gane kansa da wani ƙarfe mai kama da takalmi a ƙarƙashin ciki. Ƙafafun taragunsa na hagu da na dama a haɗe suke ba abin da ya raba wuta, don haka ɗaya tak in aka ɗora a dogo mai ƙarfe biyu, wuta ta haɗu, komai ya tsaya, a yi ta zargin mai gyaran rediyo alhali ba ruwansa. Gwaji da mita yana ɗaukar daƙiƙa biyar: a taɓa ƙafa biyu na gatari ɗaya, in ta yi ƙara, a mayar wa mai shi.

Sai tsayin ƙarfen dogon. Mai lamba 100 tsayinsa milimita 2.5, mai lamba 83 kuwa kimanin 2.1. Tsofaffin Lima da Jouef leɓen ƙafafunsu dogo ne, a kan gajeren ƙarfe sai su riƙa dukan maƙalan dogo suna ƙara kamar ana sussuka. A tsaya a kan lamba 100, kowa ya hau. Wanda kuma ya ce shi tsohon jirgin Kano yake so sak, ya sani wannan dogon faɗinsa milimita 1067 ne, in an raba da 87 ya ba da 12 da 'yan kai, wato dogon milimita 12 zai nema, kuma ya fita daga layin jama'a.

Babu wanda ke da ɗakin da zai sadaukar wa jirgi, kuma ba a so dukiyar mutum biyar ta kwana a gidan mutum ɗaya. Maganin shi ne gunduwa-gunduwa: kowa ya gina tasa a gida, ranar zama a haɗa. Turawa sun daɗe da wannan. Ƙungiyar FREMO da aka kafa a 1981 a kansa ta ginu. Mu ga yadda ya fi mana sauƙi. Falankin filawud guda, santimita 244 da 122, yana ba da gunduwa shida masu tsawon 122 da faɗin 40. In a babur za a ɗauko, a raba kowace biyu, 61 ke nan. Tsakiyar gunduwa taka ce, ka gina fadar sarki ko duwatsun Birni ko tashar mota. Bakinta biyu kuwa na jama'a ne. Kafinta ya yanka ma'auni guda na katako mai ƙarfi, da alamar tsakiyar dogo da ramuka biyu, ya zauna a hannun mutum ɗaya, kowa da shi zai huda tasa. Ramin ya zama milimita 10, ƙusa mai noti milimita 8, don a samu 'yar rawar daidaitawa kafin a ɗaure. Rabin milimita in ya goce a mahaɗa, jirgi zai sauka. A ƙarshen kowace gunduwa a dasa ƙananan sukurori na tagulla a liƙa ƙarfen a kansu da dalma, in ba haka ba ranar da aka fara ɗauko ta a kabu-kabu rigar wani za ta fizge shi. Kwana kuma kada ta matse fiye da santimita 36 daga cibiya, hawa kada ya wuce santimita 3 a mita.

Wuta: kada a dogara da 'yan maƙalan da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe, suna saki, suna datti. Waya biyu masu kaurin murabba'in milimita 1.5, ja da baƙa, su bi ƙarƙashin kowace gunduwa, a ɗauko 'yar siririya zuwa kowane ƙarfe. A rubuta a jikin ma'aunin wane ƙarfe ne ja. Wanda ya juya gunduwarsa gaba ta koma baya ya juya wutar ke nan.

Batirin hasken rana mai volt 12 ya fi mana wutar gari, ba ruwanmu da ɗaukewa. Ana sa masa ƙaramar na'urar rage gudu da makunni mai ƙafa shida na juya gaba da baya. Sai dai batir ba shi da tausayi. In ƙusa ta faɗa a kan dogo zai turo wutar da za ta narka waya har ta kama katako. Dole a sa fis na amfiya 2 dab da kansa, kuma a jera ƙwan fitilar mota mai wat 21 a kan waya ɗaya: in wuta ta haɗu ƙwan ya kama, ya shanye ta, ya kuma sanar da kowa. In wani ɗan'uwa ya aiko da taransifoma daga Amurka, a karanta jikinta kafin a soka, tasu volt 110 zuwa 120 ce, tamu 220.

Zafi ma yana da nasa. Tsakanin daren Janairu da ranar Afrilu ƙarƙashin kwano, mita guda ta ƙarfen dogo tana ƙaruwa da kusan rabin milimita. Wanda ya shimfiɗa da sanyi ya matse baki da baki, bazara za ta murɗe masa layi kamar maciji. A bar tazarar kaurin katin salula a kowace mita. Ƙura kuwa tsumma da barasar goge na'ura, kafin kowane zama. Ban da sanfefa, tana kankare ƙarfe ta bar ramukan da datti zai zauna. Ban da man gyaɗa a ingin, daskarewa yake ya zama danƙo. Ɗigon man keke a kan tsinin allura ya isa. Bayan an tashi a lulluɓe da zane, a kuma ɗaga katako daga ƙasa saboda gara.

Kayan ado ne inda muka fi kowa arziki, kuma nan ne yara da waɗanda ba su da kuɗin sayen jirgi ke samun wurin shiga. A HO mutum milimita 20 ne, katangar mita 3 santimita 3 da rabi. Soro da zankwayensa ana yin shi da kwali a shafe da jar ƙasa da gam. Kuka da gawo da wayar tagulla murɗaɗɗiya. Tsakuwar dogo yashi ne da aka tankaɗe, amma a bi shi da maganaɗisun tsohuwar lasifika tukuna. Za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne, wanda da inginka ne zai zuƙe shi. A zuba, a share da burushi, a ɗiga farin gam da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulu, a bar shi kwana ɗaya.

Batun kuɗi shi ke raba zumunci, don haka a yi shi da wuri. Adashi ya dace da sayen kan jirgi, kowa ya ɗauka bi da bi, abin da ya saya nasa ne, a sa masa ɗigon fenti a ciki don shaida. Abin da ya zama na jama'a kaɗan ne: batir, na'urar gudu, gunduwoyi huɗu masu lanƙwasa da ke rufe zagaye. Su ake rubutawa a littafi, da sunan wanda suke hannunsa. Dokar da ta fi wuyar bi ita ce ta hannu: ba mai ɗaga jirgin wani sai ya ce "bismilla", kuma ba a ajiye kofin shayi a kan gunduwa ko da ta babanka ce.

In an kai gunduwa shida jirgi yana zagayawa minti goma bai sauka ba, lokacin fita ya yi. A roƙi aji guda a lekol ranar da ba karatu, ko ɗaki a gidan matasa. A ja igiya taku ɗaya daga tebur, a tanadi tsohon kan jirgi mai jure wahala wanda yara za su tuƙa bi da bi. Mutum ɗaya kada ya taɓa komai, aikinsa kallon 'yan kallo. Wanda ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin tebur don ya ga wayoyi, a karɓi lambarsa, a gaya masa rana da zauren da ake zama.

Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe cikin tsohon kan Jouef mu ga yadda ake canza masa gawayi, wato 'yan guntayen da ke kai wuta cikin inginsa.