Ƙannena masu buga gem, ku saurara kafin ku kunna wasan ban tsoro

Na daɗe ina buga wasannin bidiyo na ban tsoro, tun zamanin PlayStation 2, kuma har yau ina son su. Saboda haka ban zo in ce ku bari ba. Abin da nake so ku sani shi ne, wannan wasa ya bambanta da na ƙwallo ko na tseren mota, waɗanda da zarar ka kashe na'ura magana ta ƙare. Masu ƙirƙirarsa zama suka yi suka yi nazarin yadda za su shiga zuciyar mutum, kuma idan suka dace, abin yakan biyo ka har shimfiɗa, wani lokacin ma ya biyo wanda bai taɓa na'urar ba, yana gefe kawai yana kallo.

Bari in fara da abin da ya sa nake girmama su. Yawancin wasanni suna ba ka ƙarfi ne, su kuwa waɗannan karɓe shi suke yi. A 1996 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Resident Evil a ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. An jefa ka cikin wani katafaren gida cike da gawarwaki masu tafiya, harsashi ƙalilan, aljihunka ba ya ɗaukar kaya da yawa, dole ka zaɓa tsakanin magani da makulli da bindiga. Ko adana inda ka kai ba kyauta ba ne, sai ka sami zaren tawada ka kai shi ga tafireta, kuma shi ma a ƙirge yake. A fim kana zaune ne kana kallon wani yana buɗe ƙofar da bai kamata ba. A nan hannunka ne zai buɗe ta. Wasan nan ya koya mini tattali da haƙuri, ya kuma koya mini cewa ba kowane abokin gaba ake tsayawa a yi faɗa da shi ba, wani kewaye shi ake yi a wuce.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne Silent Hill na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1999. PlayStation ta farko ba ta da ƙarfin nuna gari guda har nesa, sai masu wasan suka lulluɓe garin da hazo don su ɓoye gazawar na'urar. Hazon nan shi ya zama ruhin wasan. Ba ka ganin abin da ke taku kaɗan a gabanka, sai wata 'yar rediyo da ke aljihunka ta fara ƙara in wani abu ya matso. Kana jin sa, ba ka gan shi ba, zuciyarka ce ke zana shi. Haka kakanninmu suke yi da Dodo a tatsuniya, ba sa tsayawa siffanta shi daki-daki, kowane yaro da irin Dodon da ke kansa, kuma nasa ya fi ba shi tsoro. Silent Hill na biyu da ya fito a 2001 ya wuce batun razana ma: labarin wani mutum ne da ya sami wasiƙa daga matarsa da ta rasu, ya tafi nemanta, kuma abin da ke bin sa a garin nadamarsa ce da laifin da yake ɓoye wa kansa. Na gama shi na jima ina tunanin jinya da yadda take gajiyar da mai yin ta. Daga baya wani ƙaramin kamfani a Suwidin, Frictional Games, ya fitar da Amnesia: The Dark Descent a 2010, ya cire makami gaba ɗaya. Fitila kawai gare ka, man cikinta na ƙarewa, kuma ko kallon dodon kansa yana gusar da hankalin jarumin.

A nan na fara yi wa kaina ɓarna. Da data ta yi sauƙi, sai na koma kallon wasu suna buga wasa a YouTube kafin in taɓa shi da kaina, wai don in san abin da ke gaba. Na kalli Outlast na 2013, wasan da kake yawo a asibitin mahaukata da kyamara a hannu, kusan duka a haka. Da na zo bugawa, na san kowane lungu da mahaukacin zai fito, na san inda batirin kyamara yake, sai ya zama aiki kawai nake yi. Kuɗin ya tafi, daɗin kuma na riga na cinye shi a hannun wani. In kuna da niyyar buga wasa, kada ku kalle shi. In kun maƙale, ku nemi amsar wurin nan kaɗai ku rufe.

Raunin wasannin ban tsoro kuma ba ƙarami ba ne. Mafi yawa a ciki shi ne razanarwa ta bazata, wato a yi tsit, sai wata fuska ta faɗo maka da ihu. Kowa zai zabura, ko jariri in ka buga masa ƙofa zai zabura, wannan ba gwaninta ba ce. Five Nights at Freddy's na Scott Cawthon, wanda ya fito a 2014, ya yi amfani da ita da dabara, domin kana gadi ne da wutar lantarki a ƙayyade, kana lissafin yaushe za ka rufe ƙofa. Masu kwaikwayonsa da suka cika ma'ajiyar manhajojin waya ihun kawai suka ɗauka, suka haɗa da tallace-tallace. Sannan tsoro ba ya jure maimaici. Dodon da ya kashe ka sau da yawa a wuri ɗaya ya daina ba ka tsoro, haushi yake ba ka. Alien: Isolation na 2014 wasa ne mai kyau ƙwarai, amma tsawonsa ya sa na gaji da ɓuya a akwati tun kafin in kai ƙarshe. Shi kansa Resident Evil ya taɓa ɓata hanya: na shida a 2012 ya koma harbe-harbe da fashe-fashe, sai a 2017 na bakwai ya dawo da ƙuntataccen gida da ƙarancin harsashi. Na biyar kuwa, na 2009, an kafa shi ne a wani ƙirƙirarren gari a Afirka, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce tun daga tallarsa a kan hoton Bature yana harbin baƙaƙen mutane a unguwannin talakawa. Na buga shi ina matashi ban ji komai ba. Yanzu in na tuna, abin yana damuna, kuma ina so ku riƙa lura da wane ne aka mayar dodo a wasan da ke hannunku. Wasu kuma tsafi da ƙungiyoyin asiri da yankan gaɓoɓi suka cika su, ba don labari ya buƙata ba. In zuciyarka ta ƙi abu, ajiye shi, ba ragwanta ba ce.

Sai batun dare. Kowa zai ce maka a duhu ake jin daɗinsa, da abin sauraro a kunne, kuma gaskiya ne. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, jikin da aka tsorata ba ya sauka nan take. Zuciya na bugawa, ido a bushe, ka kwanta barci ya ƙi zuwa. Na sha makara sallar Asuba, na sha zama a aji kaina na sarawa, ina ɗora laifin a kan zafi ko sauro alhali na san dalili. Ku buga da yamma, ku tashi da sauran lokaci kafin kwanciya, ku kuma rage ƙarar, domin ihun bazatan nan a cikin kunne yake sauka kai tsaye. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya ya ɗauki gargaɗin da ke fitowa a farkon wasa da muhimmanci, walƙiyar hasken na iya tayar da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sanya kamuwa da jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, alamarsa kuwa ita ce wasa ya ture maka barci da karatu da mutane amma ka kasa dainawa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ba a kaina ya ƙare ba. Ina da ƙane, a lokacin bai gama firamare ba, yakan raɓe a bayana yana kallo in ina bugawa. Ban kore shi ba, har daɗi nake ji in ya ƙanƙame ni, ina yi masa dariya. Ni na san zane ne, na san in na mutu zan sake farawa, kuma abin sarrafawa yana hannuna. Shi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai ya daina iya fita banɗaki da dare shi kaɗai, in an ɗauke wuta ya fashe da kuka, yana firgita cikin barci. Mahaifiyarmu ta shiga damuwa, ana ta yi masa addu'a da tofi, ni kuwa na yi shiru don kunya da tsoron faɗa. Sai da na ga yaron yana ramewa na je na ce, "Umma, ni ne sanadi, abin da nake bugawa yake kallo." Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Kai ne babba, kai ya kamata ka tsare shi." Ya ɗauki lokaci kafin ya koma daidai.

A jikin yawancin wasanni akwai alamar shekaru. Ta Amurka, ESRB, in ta sa harafin M tana nufin daga shekara 17 zuwa sama, ta Turai kuma, PEGI, lamba take rubutawa kamar 16 ko 18. Kusan duk waɗanda na ambata cikin wannan rukuni suke faɗawa. Alamar ba ta mai riƙe da na'ura ce kaɗai ba, ta shafi duk wanda ke ɗakin. Haka in ƙanwarka ta ari wayarka, duba abin da ke ciki tukuna, domin wasannin ban tsoro na waya irin su Granny da yara ke turawa juna sun fi ƙarfin ɗan firamare, ko da ya rantse maka ba ya jin tsoro.