Su Uku Ne Suke Waƙar, Ni Kuwa Ɗaya Na Ji

Ƙannena mata, musamman ku da ke jami'a yanzu, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai kuskuren da na yi ina da shekara ashirin, kuma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

A 2001 ina aji biyu, ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta samu wani faifai daga yayanta da ke karatu a Amurka. Sunan faifan The Whole SHeBANG, na wasu 'yan'uwa mata uku da ake kira SHeDAISY, wato Kristyn da Kelsi da Kassidy Osborn, 'yan garin Magna a jihar Utah. Kiɗan kantiri ne, wato kiɗan karkarar Amurka irin na birnin Nashville, wanda aka sirka da na zamani. Ya fito a 1999, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Mu dai abin da ya kama mu shi ne yadda matan nan ke maganar soyayya ba tare da rusunawa ba. Akwai waƙa ɗaya, "I Will... But", inda mace ke lissafa wa masoyinta abin da za ta yi masa da abin da ba za ta taɓa lamunta ba. Sai da na haddace ta tsaf. Ina wanki a bakin famfo ina rera ta, ina jin ni ma na zama mai 'yancin kaina.

A lokacin akwai wani da nake so kamar raina. Shekara guda muna tare, amma duk sanda aka yi zancen turo magabata sai ya kawo wani uzuri. Yayata ta kira ni ɗakinta ranar wata Juma'a, tana yankan alayyafo, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Mutumin da ba ya son a san gidansu, ki yi hattara da shi." Na miƙe na ce mata rayuwata ce, ba ruwanta. Na daina zuwa gidanta. Autarmu ta shiga tsakani, ita ma na haɗa da ita. Wata goma sha huɗu ba na ɗaga wayar kowa a cikinsu.

Ku lura da inda na ɓata. Waƙar tana koya wa mace ta gindaya wa namiji sharaɗi, ni kuma na ɗauki ƙarfin halin na juya shi kan masu ƙaunata, shi ko tambaya ɗaya ban iya yi masa ba. Don haka idan kika ji bakinki na shirin cewa "ba ruwanki", ki dakata ki duba wa kike gaya wa. In har kina iya ɗaga wa yayarki murya amma kina tsoron tambayar saurayi yaushe iyayensa za su zo, to akwai gyara.

Sai daga baya na san abin da ya kamata in lura da shi tun farko. Kassidy, ƙaramarsu, ita ke jan waƙa, Kelsi na bin ta da siririyar murya ta sama, Kristyn babbarsu na riƙe ƙasa, kuma da hannunta aka rubuta waƙoƙin. Sun taɓa yin wani faifai da kamfanin waƙoƙi na RCA wanda bai ga kasuwa ba, suka yi shekaru suna jira ba su watse ba. Hatta sunan nasu daga wata kalma ce ta yaren Nabaho, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, mai nufin "ƙanwata". Wato duk ƙarfin halin da nake ji a muryar yarinyar nan, yayyenta biyu na tsaye a bayanta.

Ranar da na ji an ɗaura wa saurayin nan nawa aure da wata a garinsu, kwana biyu ban fita daga ɗaki ba. Ƙawata ce ta aika gida. Da la'asar na ji sallama, sai ga Yaya da kular tuwo a hannu. Ina jiran gori, ba ta yi ba. Ta zauna bakin katifa, ta warware min kitson da ya tsufa a kaina, ta ce, "Ci abinci ki wanke fuska. Auta na cikin mota tana jiranmu."