Godiya ga masuntan Makian da duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, mun dawo lafiya daga Maluku ta Arewa a ƙasar Indunusiya. Na san wasunku sun ji abin da ya same mu a teku, har suka kwana suna mana addu'a.

Niyyarmu ita ce mu bi tsibiran nan biyar da kanumfari ya samo asali: Ternate, Tidore, Moti, Makian da Bacan. Daga Ternate zuwa Tidore ba wani aiki ba ne, cikin 'yan mintuna an tsallaka. Sai da muka nausa kudu muka san mun shiga ruwa. Bayan la'asar, tsakanin Moti da Makian, injin kwale-kwalenmu ya mutu. Iska ta taso, ruwa yana ta jan mu nesa da gaɓa, ga duhu yana shigowa.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga wasu masunta take. Sun fito neman abincinsu ne, suka hango tocilar da muke haskawa, suka juyo. Suka jefo mana igiya, suka ja mu a hankali har bakin ƙauyensu. Kamun daren nan ya wuce su saboda mu. Da muka miƙa kuɗi, na man da suka ƙona kawai suka karɓa, shi ma sai da muka yi ta roƙo. Mutane ne da ke zaune a gindin dutse mai aman wuta, Kie Besi, wanda ya yi aman a 1988, sun san tashin hankali, shi ya sa ba su tsaya tambayar mu waye ba.

Ina gode wa dattijuwar da ta kwashe tabarmin da take shanya kanumfari ta shimfiɗa mana, ta dafa shayi cikin dare. Ba ma jin yaren juna, da sallama da nuni muka yi ta fahimtar juna. Haka ma'aikaciyar jinyar da ta kula da abokin tafiyarmu, wanda amai ya galabaitar, da limamin da ya nemo mana wani jirgin da safe.

Ba mu kai Bacan ba, mun juya Ternate. Ku da kuka yi ta kiran iyalanmu kuna kwantar musu da hankali, Allah ya saka da alheri. Ina roƙonku ku sa masuntan nan a addu'a, Allah ya tsare su a kan ruwa, ya yalwata musu arziki.