Minti Uku na Gauhar Jaan

A gidan rediyon da nake aiki an ba ni minti biyar kacal a shirin waƙoƙin Indiya, in yi bayanin tarihinsu. Na daɗe ina ƙorafi cewa lokacin bai isa komai ba, har ranar da bincike ya kai ni ga wani tsohon faifan garmaho.

Na sa abin sauraro a kunne. Da farko ƙarar "shiii" ce kamar ana tuya, sai ga muryar mace ta ɓullo daga ciki, siririya, tana hawa tana sauka ba gargada. Gauhar Jaan ke nan, wadda Fred Gaisberg na kamfanin Gramophone ya ɗauki muryarta a Kalkata a Nuwamban 1902. Lokacin babu makirfo. Mawaƙiya kan kusanta bakinta da wani babban ƙaho ta rera da ƙarfi, allura tana zana muryar a kan kaki. Faifan kuwa ba ya cin fiye da minti uku da 'yan kai.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Raga guda, wato tsarin karin da ake gina waƙa a kai, a waƙar Hindustani ta gargajiyar arewacin Indiya takan ɗauki awa ana warware ta sannu-sannu. Da yawa daga manyan ustazan waƙa maza sun ƙi na'urar, suna ganin zubar da girma ce. Matan da ake kira tawa'if, ƙwararrun masu waƙa da rawa ga sarakuna da attajirai, waɗanda a daidai wannan zamani ake yi wa kamfen ɗin ɓatanci, su suka yarda suka zauna gabanta: Gauhar, Janki Bai ta Alahabad, Zohra Bai ta Agra. Suka koyi abin da za a zubar da abin da za a riƙe, raga ta shiga minti uku ba ta rasa kamanninta ba. Ni dai ban ga ilimin da ya fi wannan wuya ba.

A ƙarshen waƙar sai ta faɗi sunanta da Turanci, don ma'aikatan da ke buga faifan a Hanoba ta Jamus su san sunan da za su liƙa. Na maimaita wurin ya fi sau goma.

Washegari na ɗauko rubutuna mai shafi huɗu, na soke gaisuwar farko mai tsawo da jerin shekarun da nake taƙama da su. Na bar wa muryarta minti biyu cikin biyar ɗin nawa.