Mai tsire da jadawalin ƙwallon Amurka

Tsire da balangu nake yi a birnin Houston na jihar Texas, ni da yara biyu da wata tsohuwar motar kai kaya. Idan aka tambaye ni yaushe shekarar kasuwancina take farawa, ba na cewa Janairu. A tsakiyar watan Mayu take farawa, ranar da NFL, hukumar babbar gasar ƙwallon Amurka, ta fitar da jadawalin wasanninta. Washegari nake bugo na Texans, ƙungiyar birnin Houston, in manna a jikin firji, in ɗauki jan biro in zagaye wasannin gida.

Wannan ƙwallon ba irin wadda muka taso muna bugawa ba ce, ta hannu ce da ture-ture, kuma kakarta gajeriya ce. Ƙungiyoyi 32 ne, kowacce wasa 17 take yi cikin mako 18, tun daga 2021 da aka ƙara ɗaya a kan 16. A cikinsu takwas ne ko tara a gida, wata shekara tara, mai bi mata takwas. Kai da ka saba da gasar Ingila mai wasa 38 za ka ce wannan ai ɗanɗano ne. To ƙarancin nan shi ne cinikina. Tunda ranakun ba su da yawa, mutane suna ɗaukarsu kamar salla. Tun hantsi suke cika wurin ajiye motoci na filin wasan Texans, a buɗe bayan mota, a kafa rumfa, a ci a sha kafin a shiga. Waɗanda ba su da tikiti kuma su taru a gida gaban talabijin. Duka ɓangarorin biyu suna yin odar nama.

Abokan karawa ba sa ba ni mamaki, don tun ƙarshen kakar da ta wuce ake saninsu. Ƙungiyoyin Colts da Jaguars da Titans suna rukuni ɗaya da Texans, kowacce sau biyu za a haɗu da ita, gida da waje. Sauran kuma akwai tsarin karɓa-karɓa da ke fitar da su. Abin da nake jira a Mayu shi ne rana da lokaci.

Wasan ƙarfe 12 na ranar Lahadi shi ne mai wahala. Naman tun daren Asabar muke yankawa, mu tsire shi, mu barbaɗe shi da yaji da garin ƙuli-ƙuli. Ana sallame sallar asuba nake hura gawayi, don ƙarfe tara dole a ce farantan farko suna cikin mota, an lulluɓe su, albasa da tumatur a leda daban kada su jiƙa naman. Wasan dare kuwa, na Lahadi ko Litinin ko Alhamis, ya fi sauƙi, sai dai na ranakun aiki odarsa ba ta kai ta Lahadi. Kuma idan kaka ta yi nisa ana iya ɗage wasan rana a mayar da shi dare, galibi da sanarwar kwana 12. Shi ya sa yanzu duk wanda ya ba ni kafin alƙalami nake gaya masa: rana na riƙe maka, lokaci sai mun sake magana.

Shekarata ta farko na tafka wauta. Kowace ƙungiya tana da mako guda na hutu, ni kuwa ban lura da gurbin a takarda ba. Na je wurin mahaucina na ɗebo nama kamar kullum, Lahadi ta zo waya shiru. Maƙwabta dai sun ci daɗi, sauran muka shanya muka yi kilishi.

Juma'a da Asabar ba na NFL ba ne a yawancin kaka. Wata doka ta 1961 ce ta bar Juma'a ga makarantun sakandare, Asabar ga jami'o'i, har wajen tsakiyar Disamba. A Texas wannan ba ƙaramin abu ba ne, ina samun 'yan oda daga iyayen yara. Ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, wato bikin godiya, kullum Detroit da Dallas suna wasa a gida, amma ranar talotalo ce, nakan rufe in huta.

Daga Janairu ƙungiyoyi 14 ke shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Idan Texans sun samu wasan gida a nan, riba ce da ban sa a lissafi ba. Super Bowl kuma, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, Lahadi ta biyu a Fabrairu, ko wa ke bugawa sai an ci nama, ranar nake ɗaukar ƙarin hannu uku. Azumi ma yana ta matsowa wajen, nan gaba kaɗan da baki a bushe za mu tsaya gaban wuta a ranar.

Bayan nan sai kasuwa ta kwanta. Bukukuwan aure da suna na 'yan uwanmu ke riƙe ni har Agusta, lokacin da wasannin share fage uku ke farawa, in kira mai gawayi in ce ya ninka min buhu.